Kafur na Itace, na Masana'anta, na Borneo ko Ƙwallon Naftalin: Wanne Ya Kamata Ka Saya?

Mai neman kafur yakan ɗauka abu ɗaya ya je saya, alhali aƙalla abubuwa huɗu ake miƙa wa mutane da wannan suna. Dukkansu farare ne, suna da ƙanshi mai ratsa hanci, kuma suna ƙanƙancewa a iska har su ɓace ba tare da sun zama ruwa ba. Amma kama da wane ba ta wane. Biyu daga cikinsu kafur ne na gaske, ɗaya ɗan'uwansa ne na kusa, na huɗun kuwa babu abin da ya haɗa shi da kafur sai fari da wari, kuma shi ne ya fi jefa jarirai cikin haɗari. Yawancin masu saye suna ɓata lokacinsu wajen tambayar ko na itace ne ko na masana'anta. A ganina tambayar da ta fi wannan muhimmanci ita ce: shin abin da ke hannuna kafur ne ma kuwa?

Abin da za a duba kafin a zaɓa

Na farko shi ne aikin da za a yi da shi. Abin da zai taɓa fatar mutum daban, abin da za a rufe a akwati da tufafi daban, abin da za a ƙona ko a sa a ruwan wankan mamaci shi ma daban. Na biyu shi ne haɗari, kuma a nan dole a duba su wane ne a gidan: akwai jariri, akwai yaro mai rarrafe da ke kai komai baki, akwai mai juna biyu? Na uku tsada. Na huɗu daɗewa, wato tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya bi iska. Na biyar sauƙin samu da sauƙin tantance na gaske daga jabu. Ban jera su a kan wannan tsari don kwalliya ba. Idan na farko da na biyu suka hana abu, arharsa ba ta da amfani.

Kafur na itace

Ana samunsa daga wata babbar bishiya da masana tsirrai ke kira Cinnamomum camphora, 'yar dangin kirfa, wadda asalinta kudancin Sin ne da Taiwan da Japan da Vietnam. Ba ta zubar da ganye, tana kai tsayin mita 20 zuwa 30, kuma idan ka murza ganyenta ƙanshin kafur zai tashi nan take. Yadda ake fitar da shi bai canza sosai ba tun ƙarnoni: a sare itacen, a daddatsa gangar jikinsa da saiwarsa ƙanana, a bi da tururin ruwan zafi ta cikinsu. Tururin ya ɗauko kafur da mai, idan ya huce sai kafur ya daskare ya zama farin ƙanƙara, a tace man gefe. Tsohuwar bishiya ce ke ba da kafur mai yawa, wadda ta shekara hamsin ko fiye, shi ya sa ba a iya ƙara yawansa da gaggawa ko da kasuwa ta buƙata.

Akwai lokacin da wannan kafur ya zama dukiyar da gwamnatoci ke riƙewa da hannu biyu. Bayan Japan ta karɓi Taiwan a 1895, ta mayar da cinikinsa hannun hukuma kaɗai a 1899, domin a wancan zamani da shi ake haɗa selulod, robar farko da aka yi fim ɗin sinima da matajin kai da ƙwallon tebur da ita. Yau babu wannan rububin, amma har yanzu na itace ya fi na masana'anta tsada nesa ba kusa ba.

Ƙanshinsa ya fi zagaye da laushi, saboda ɗan ragowar man itacen da ke maƙale da shi. Wajen daɗewa matsakaici ne: dunƙule ƙarami da aka bari a fili yakan ƙare cikin makonni, a rufaffen gwangwani kuwa ya daɗe ƙwarai. Matsalarsa babba ita ce tantancewa. Da ido ko da hanci mai saye ba zai iya rantsuwa cewa na itace ne ba. A ɗakin gwaji ake rabe su: na wannan bishiya yana karkatar da wani nau'in haske zuwa dama, na masana'anta kuwa ba ya karkatar da shi. Saboda haka rubutun da ke jikin kwali da amanar mai sayarwa kaɗai ka dogara da su.

Wani kuskure da nake son a guje masa shi ne zaton cewa tunda daga itace ya fito, ba ya cutarwa. Guba iri ɗaya ce da ta na masana'anta, gram da gram. Zan dawo kan wannan.

Ba wannan bishiya kaɗai ke da kafur ba. Akwai wani ɗan'uwan ɗoɗɗoya a Gabashin Afirka, Ocimum kilimandscharicum, da ake nomawa a Kenya da Indiya a fitar da kafur daga ganyensa, kuma man ganyen rozmeri ma yana ɗauke da kaso mai dama. Amfanin irin waɗannan shi ne ba sai an kashe bishiya mai shekara hamsin ba, ganye ake yanka ya sake tohowa. Sai dai da wuya ka same su a matsayin dunƙulen kafur, galibi a cikin mai ko man shafawa suke zuwa.

Kafur na masana'anta

Wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Finland, Gustaf Komppa, shi ya nuna a 1903 cewa ana iya haɗa kafur a ɗakin gwaji, kuma cikin 'yan shekaru aka fara yinsa don kasuwa. Wanda ake sayarwa yau yawanci daga man tafentain ake yinsa, wato man da ake samu daga itatuwan fayin masu ganye kamar allura. Ke nan shi ma tushensa itace ne, sai dai ya bi ta matakan sarrafawa kafin ya zama kafur. Sin da Indiya ne manyan masu yinsa.

Ƙwayar sinadarin iri ɗaya ce da ta na itace: kabon 10, haidurojin 16, oksijin 1. Yana narkewa a wajen digiri 175 zuwa 179 na ma'aunin Salshiyas, kamar wancan. Ƙanshinsa ya ɗan fi kaifi. Shi ne mafi sauƙin samu a cikin kafur na gaske, kuma farashinsa bai kai na itace ba ko kusa.

Shi ne kuma ke cikin mafi yawan man zafi da man mura da ake shafawa a ƙirji, irin su Vicks VapoRub, wanda kafur ɗin cikinsa bai wuce wajen kashi 5 cikin 100 ba. Yadda yake aiki a fata abin sha'awa ne. Yana taɓa jijiyoyin da ke jin sanyi da masu jin ɗumi, sai mutum ya ji sanyi-sanyi, can kuma ɗumi ya biyo baya, wannan ya ɗauke hankalin jiki daga ciwon gaɓa ko ƙaiƙayi na ɗan lokaci. A hanci ma haka ne: mai mura yakan ji kamar hancinsa ya buɗe, ko da yake toshewar tana nan. Sauƙi ne na gaske, amma ba warkarwa ba ce, kuma bai kamata ya hana mai tarin da ya daɗe zuwa asibiti ba.

Abin lura a nan shi ne daraja biyu ce a kasuwa. Akwai wanda aka tace don magani, akwai na aikin masana'antu wanda ba a damu da ragowar sinadaran da ke cikinsa ba. Ƙananan ƙwayoyin da ake matsawa don ƙonawa kuma wani lokaci ana gauraya su da kakin kyandir ko wani abin cikon nauyi. Kafur mai tsabta idan aka ƙona ɗan ƙaramin gutsure a kan faranti, yana cinyewa duka bai bar toka ba. Idan ya bar baƙin dabbare ko maiƙo, an haɗa shi da wani abu.

Haɗarin da na itace da na masana'anta suka yi tarayya a kai

Haɗiye kafur na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma ba ta jinkiri: tana iya zuwa cikin mintuna kaɗan zuwa awa ɗaya da rabi. Kafin nan akan ga zafin baki da maƙogwaro, amai, da ruɗewa. Gram ɗaya ya isa ya kashe ƙaramin yaro, kuma dunƙulen da ake sayarwa sau da yawa ya fi gram ɗaya. A farkon shekarun 1980 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayar da man kafur mai ƙarfin kashi 20 cikin 100, saboda yawan shansa da ake yi bisa kuskure, ta kuma sa iyakar kashi 11 ga magungunan shafawa. A 2008 hukumar lafiya ta birnin New York ta gargaɗi iyaye bayan an kwantar da wasu yara da jijjiga sanadin dunƙulen kafur da aka yi amfani da shi a gidajensu.

Kafur yana shiga jiki ta fata, musamman fatar jariri ko wadda ta ƙone ko ta yi rauni, kuma yana ratsa mahaifa ya kai ga ɗan tayi. Shi ya sa ba a shafa wa yaron da bai kai shekara biyu ba, ba a sa shi cikin hanci, ba a sa shi a kan gyambo. Masu niƙa dunƙule su kwaɓa da mai a gida suna yin abin da nake jin tsoro ƙwarai, domin ba su da hanyar sanin ƙarfin abin da suka haɗa, kuma da sauƙi ya zarce kashi 11 ɗin nan ninki biyu ko uku. Masu jiƙa shi a ruwa su sha don ciwon ciki ko wata lalura kuwa, ina roƙonsu su daina. Yana kuma kama wuta da sauri, don haka ba a ɗumama man kafur a kan murhu.

Kafur na Borneo

Wannan shi ne kafur ɗin da fataken Larabawa da Farisa da Sin suka riƙa bi har tsibirin Sumatra, zuwa tashar jiragen ruwa ta Barus, wadda Larabawa suka sani da Fansur. Yana fitowa daga wata doguwar bishiyar kurmi, Dryobalanops aromatica, da ke Sumatra da Borneo da yankin Malaya. Ba a dafa shi da tururi. A cikin tsagogin gangar bishiyar ake tarar da shi ya riga ya daskare, kuma ba kowace bishiya ke da shi ba, sai a kayar da da yawa kafin a dace da ɗaya. Wannan ne ya sa tun da can tsadarsa ta ninka ta kafur na itace da ke zuwa daga Sin sau da yawa.

A sinadarance ba kafur ba ne sak, wani makusancinsa ne da ake kira borniyol. Ƙanshinsa ya fi sanyi, da ɗan yaji-yaji da ƙanshin itace, kuma ya fi jinkirin bin iska, don haka ya fi daɗewa. Masu haɗa turare da masu maganin gargajiyar Sin suna daraja shi. Amma bishiyar ta ragu ƙwarai saboda saran katako da share kurmi, har tana cikin jerin itatuwan da ake fargabar ƙarewarsu. Abin da wannan ke nufi ga mai saye a fili yake: da wuya ka samu na ainihi, kuma yawancin abin da ake sayarwa da sunansa borniyol ne na masana'anta. Idan aka ba ka shi da arha, ba shi ba ne. Shi ma ba abin ci ba ne, kuma a nisanta shi da yara kamar sauran.

Ƙwallon naftalin da ɗan'uwansa

Fararen ƙwallayen nan, wani lokaci masu launi-launi, da ake zubawa a akwatin tufafi ko a banɗaki, yawancinsu naftalin ne, wanda ake fitarwa daga kwaltar gawayin kwal ko daga man fetur. Wasu kuma wani sinadari ne mai kulorin da ake taƙaita sunansa da PDB. Su ne mafi arha, su ne kuma suka cika ko'ina, kuma a ƙasashe da yawa da sunan kafur ake sayar da su.

A faɗi gaskiya, wajen kashe asu sun fi kafur ƙarfi. Kafur yana korar ƙwari ne galibi, su kuwa idan aka rufe su ruf a akwatin da iska ba ta fita, tururinsu yana kashe asu da tsutsarsa. Naftalin ya fi kowa daɗewa a cikin masu arha, PDB kuwa ya fi kowa saurin ƙarewa, kuma yana lalata wasu robobi da maɓallan roba.

Farashin wannan ƙarfi a jini ake biyansa. Naftalin yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, musamman ga masu ƙarancin wani sinadarin jiki da likitoci ke kira G6PD. Wannan ƙarancin gado ne, mutane wajen miliyan 400 ke ɗauke da shi a duniya, ya fi yawa a Afirka da Gabas ta Tsakiya da kewayen Bahar Rum da kudancin Asiya, ya fi bayyana a maza, kuma da yawa ba su san suna da shi ba. Ba sai an haɗiye ba. Jaririn da aka sa wa kaya ko aka lulluɓe da bargon da ya kwana cikin naftalin yana iya shaƙarsa ko ya shiga ta fatarsa, sai a ga idanunsa da jikinsa sun yi rawaya da shawara mai tsanani, wadda idan ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa har abada. Wanki ɗaya da ruwa ba lallai ya fitar da shi daga tufa ba, domin ba ya narkewa sosai a ruwa. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa naftalin da PDB cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo kansa, kuma Tarayyar Turai ta hana sayar da ƙwallon naftalin tun 2008.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba su. Ka jefa gutsure a kofin ruwa: kafur na gaske yana yawo a sama, ƙananan ɓarɓashinsa ma har juyi suke yi a kan ruwan, naftalin da PDB kuwa nutsewa suke. Idan ka narka gishiri a ruwan har ya ƙoshi, naftalin zai taso, PDB ya zauna a ƙasa. Borniyol ma yakan nutse a ruwa, amma ƙanshinsa da farashinsa ba za su bari ka ruɗe ba. Warin naftalin na kwalta ne, mai nauyi, ba shi da sanyin nan da kafur ke sa wa hanci.

| Iri | Tushe | Tsada | Daɗewa a iska | Sauƙin samu | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Na itace | Bishiyar kafur, ta hanyar tururi | Mai tsada | Matsakaici | Ana samu, tantancewa da wuya | Jijjiga idan an haɗiye |
| Na masana'anta | Man tafentain | Mai sauƙi | Matsakaici | Ko'ina | Jijjiga idan an haɗiye, gauraye |
| Na Borneo | Tsagogin bishiyar kurmi | Mafi tsada | Ya fi kafur daɗewa | Da wuya ƙwarai | Jabu, guba idan an ci |
| Naftalin | Kwaltar kwal ko fetur | Mafi arha | Mai daɗewa | Ko'ina | Fashewar jini, shawarar jarirai |
| PDB | Haɗin masana'anta | Mai arha | Gajere | Ko'ina | Illa ga hanta da jijiyoyi idan ya yi yawa |

Wanne ya dace da wace buƙata

Mai ciwon gaɓoɓi, ciwon tsoka ko mura, kada ya sayi dunƙule ko wane iri ne. Ya sayi man shafawa da aka riga aka haɗa, wanda aka rubuta yawan kafur ɗin cikinsa kuma bai wuce kashi 11 ba. Ko na itace ne a ciki ko na masana'anta, fatarsa ba za ta san bambanci ba, don haka ban ga dalilin biyan ƙarin kuɗi ba. Kwalaben da aka rubuta wa man kafur kuma a kula da su: farin man shi ake amfani da shi a kayan ƙanshi, mai ruwan ƙasa da mai rawaya suna ɗauke da sinadarin safrol mai illa ga hanta.

Ga wankan mamaci, inda Musulmi a duk duniya suka fi sanin kafur, abin nema shi ne na gaske. A hadisin Ummu Aɗiyya da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya umarci masu wanke 'yarsa su yi da ruwa da magarya, su sa kafur a wankin ƙarshe. Malamai sun ambaci hikimarsa: ƙanshi, sanyaya jiki, da korar ƙwari. Kafur na itace ko na masana'anta mai tsabta duk suna da waɗannan siffofi. Wanda zuciyarsa ta fi natsuwa da na itace kuma yana da hali, ya saya. Abin da bai dace ba shi ne a niƙa ƙwallon naftalin a zuba, domin ba kafur ba ne, kuma masu wankan ne za su shaƙe shi su kuma taɓa shi da hannu. Gwajin kofin ruwan nan minti ɗaya ne, ya kamata duk mai ajiye kayan jana'iza ya yi shi tun ranar da ya sayo.

Mai haɗa turare ko mai ƙona shi don ƙanshi, a nan ne na itace ya cancanci kuɗinsa, domin hanci ne alƙali. Na Borneo kuwa sai ga wanda ya san hanya amintacciya kuma ya yarda da tsadar. A ƙona kaɗan, taga a buɗe, ba kusa da mai asma ba.

Mai adana tufafin ulu, alharini ko darduma na watanni, kafur na masana'anta ya ishe shi idan ya wanke kayan, ya shanya su sun bushe sarai, ya rufe su a akwatin da ba ya shan iska. Asu ya fi bin tufar da ke da gumi ko maiƙo, don haka wankin ya fi kowane ƙwallo aiki. A naɗe kafur ɗin a takarda ko ƙyalle kada ya taɓa kayan, a riƙa sabunta shi idan ya ƙanƙance. Idan asu ya riga ya shiga, a baza kayan a rana mai zafi a kakkaɓe, ko a ɗaure su a leda a sa a firiza na kwanaki kafin a mayar da su. Naftalin ban ba da shawararsa ba sai ga kayan da ke rufe a wurin da ba a kwana, kuma ba za su taɓa jikin yaro ba.

Mai akwatin kayan aikin ƙarfe zai ji daɗin na masana'anta mafi arha: dunƙule ɗaya a rufaffen akwati yana barin ɗan siririn lulluɓi a kan ƙarfen da ke rage tsatsa.

Gidan da ke da jariri ko mai juna biyu, kayan jaririn kada su haɗu da ko ɗaya daga cikin waɗannan, naftalin kuwa a fitar da shi daga gidan gaba ɗaya. Inda akwai yaro mai rarrafe, dunƙulen kafur ya zauna a gwangwani mai murfi, a sama, ba a ƙarƙashin gado ko kusurwar ɗaki don korar kyankyaso ba. Idan kuma yaro ya haɗiye ɗaya, kada a sa shi amai, kada a ba shi madara ko mai domin maiƙo yana ƙara saurin shigarsa jini. A ɗauke shi zuwa asibiti nan take ko da ya yi kama da lafiyayye, a tafi da kwalin ko ragowar abin da ya ci don likita ya san da wanne yake fama.